Inda Aswakin Baba Bai Kai Ba

Tudun Wada, Zariya
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin tashi lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya Sumaiya, ta fara gane mutane ko har yanzu kuka da barci ne sana'arta? Ki gaida maigidan da sauran yaran. Inna tana gaishe ki, ita ta ƙulla daddawa da kukar da direban Gusau zai miƙo miki tare da wannan takarda.

Ke kika ce in daina kiranki a waya, wai bakina yana riga hankalina fita, in riƙa rubutawa. To ga shi na rubuta. Mu gani ko biro zai iya abin da ya gagari duk mutanen gidanmu.

Zan bar gida, Yaya. Abokina Muntaka ya samo min aiki a wata maɗaba'a a Kaduna, ƙarshen wata zan tafi. Kada ki ce in yi haƙuri. Haƙurin da Inna ke ɗura min safe da yamma ya isa a raba wa unguwa.

Baba ya yafe ni, bai dai faɗa da baki ba. Kin san abin da ya faru kafin Layya, ranar da ya kama ni da littafi a kan keken ɗinki ga aiki jibge, ya yi min faɗa a gaban Alhaji Nagoda, ni kuma na ce allura ba ta taɓa fitar da kowa daga Tudun Wada ba. Na faɗa, ban musa ba. Na zaci zai mare ni a wuce wurin. Bai mare ni ba. Aka yi Layya, washegari ya kwanta da ciwon kai da jiri, ya ce kitsen rago ne, ya sha jiƙo ya tashi. Tun daga wannan tashin ya shafe ni daga duniyarsa.

Kin san yadda shagon yake. Kekensa a tsakiya yana kallon titi, nawa a hagunsa jikin bango, ta dama kuma rumfar Chukwuka mai zare da maɓalli. Tun safe har magariba Baban namu, Malam Kailani Tela, ba ya ɗaga ido ya dube ni. In na ce Baba miƙo almakashi, sai ya juya wajen Chukwuka ya ce me ka ce? Chukwuka ya ce ba ni ba ne, Zulkiflu ne. Sai ya ce au, ya ci gaba da ɗinki. Wanne ya fi wannan wulaƙanci? Ko kaza ce ta yi kuka a gefenka ai ka waiwaya.

Sai maganar rigar Alhaji Nagoda. Da hannunsa ya ɗinka ta, ina kallo. Ya yi aljihun dama, ya kafa bakin hannun dama, ya ninke ya ba mutum. Alhaji ya dawo da ita ɓangaren hagu a sake, zare na reto kamar gemun akuya. Baba ya rantse ya gama ta tsaf, sai dai in wani mai baƙin ciki da allura ne ya farke. Wa ke baƙin ciki da allura a shagon nan? A gaban mutane fa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na masallaci. Shi ya koya mana cewa mamu in ya yi sallama dama, ya mayar wa liman, to in akwai mutum a hagunsa ya mayar masa shi ma. Na duba a littattafan fiƙihu na tarar haka ne. Tun ina ɗan tatsitsi a hagunsa nake tsayuwa, kuma tun lokacin yake juyowa ya yi min sallama, wani lokacin har da harara in na yi wasa a sahu. Yanzu sai ya yi dama, ya yi gaba, ya ɗauki carbi. Kafaɗata na gogar tasa. Sallamar da ake wa baƙon da ba a san sunansa ba, ita ya hana ni, sau biyar a yini.

Inna ta ce ita ma ta shiga ciki, don rabin tuwonta yake ci ya ture kwano. Ta ƙara man shanu, ta canza miya, a banza. Ita tana ganin girkinta ne ya lalace. Ni na san da ni ake, don ita ta haife ni.

Abin dariya guda ɗaya ne a makon nan. Ginika, 'yar Chukwuka da ke karatun aikin haƙori, ta zo neman mutane. Wasu likitoci na bincike a ƙaramin asibitin unguwa, suna gwada masu aswaki da masu buroshi da wata na'ura mai ɗaukar hoton haƙora ta auna dauɗar da ke manne a kai. Baba ya ce a rubuta shi na farko, ya je ya nuna wa 'yan kumfar baki yadda ake tsabta. Ni yake nufi, amma Chukwuka yake kallo. Na ce a rubuta ni ma. Na karanta yadda abin yake aiki, na'ura ba ta san girma ba, ba ta san furfura ba. Ina so in ga ranar da wani abu zai kalli Baba ya ce masa bai yi daidai ba, tunda ni ban isa ba. Daga nan in ɗauki jakata.

Ki shafa min kan Sumaiya. Ki ci gaba da yi min addu'a, ko da kina ganin laifina ne.

Ƙanenki,
Zulkiflu


Tudun Wada, Zariya
Ranar Alhamis

Yaya Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da jaririya da duk gidan. Inna na gaisuwa. In kina shayar da Sumaiya ki bari ta ƙoshi, ki kwantar da ita, sannan ki karanta.

Mun je gwajin yau da hantsi. Zan faɗa miki a jere yadda ya faru, don in na fara ta ƙarshe ba zan iya komawa farko ba.

An ce kowa ya goge baki yadda ya saba kafin ya zo. Ni na yi sau biyu, har dasashina ya yi jini. Baba ya tafi a kan mashin ɗinsa roba-roba, ni na taka. Ɗaki ne ƙarami an toshe tagoginsa da baƙin yadi. Shugabarsu wata Dakta Atika ce, mace marar hayaniya, Ginika na taimaka mata. Za a ba ka wani ruwa rawaya ka kurkure baki ka zubar. Ruwan yana kama dauɗar nan mai danƙo da ke kwanciya a haƙori, wadda ido ba ya gani sai ta daɗe ta zama kantsa. Sai ka ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, a sa maka roba ta wage leɓɓa kamar jaki zai yi kuka, a kashe fitila, a kunna wata mai shuɗin haske. Duk inda dauɗa take sai ya ɗauki walƙiya. Kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta rarraba hoton ɗigo-ɗigo, ta ƙirga nawa ne haƙori tsantsa nawa ne dauɗa, ta shafa wa dauɗar ja don kowa ya gani.

Ni aka fara yi wa. Kashi talatin da ɗaya cikin ɗari. Duk gindin haƙorana ja, kamar na ci goro na kwana. Baba ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce wa Ginika ga amfanin karatu nan. Na haɗiye, na ce bari dai.

Aka zaunar da shi. Hoton ya fito.

Yaya, kamar an sa ma'aunin tela an ja layi daga hanci zuwa haɓa. Daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa dama, fari fat, sama da ƙasa, ko ɗigon ja da ƙyar. Daga tsakiya zuwa hagu, ja jawur, babu inda farin haƙori ya leƙo. Kwamfuta ta ce dama kashi huɗu, hagu saba'in da wani abu. Dakta ta ce ƙila fitila ce ta karkace. Suka gyara, suka sake. Haka ya fito. Ta sa safar hannu ta duba bakin ko akwai rami ko ƙurji da ke hana shi taɓa wajen. Ta ƙwanƙwasa kowane haƙori. Ya ce babu inda ke masa ciwo.

Sai ta juyo masa da allon kwamfutar. Kin san hoto yakan juya mutum, damarsa ta faɗo hagun mai kallo. To ɓangaren Baba mai tsabta yana hagun allon, mai dauɗa yana dama. Ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce wannan bakin wani mahaukacin tasha ne aka manna masa. Ya ce yana aswaki kafin kowace salla tun uwar wanda ya ƙera na'urar nan ba ta fara zance ba, yau a nuna masa baki duka ja a ce nasa ne?

Duka, ya ce.

Ni da na je don in ga an kunyata shi, ni na tsinci kaina ina kare shi. Na ce Baba ba duka ba ne, dubi nan, fari tas. Na ɗora yatsana a kan farin. Bai kalli yatsan ba. Ya ce wa Ginika ina farin yake? Na ƙwanƙwasa allon da farce. Idonsa a buɗe, allon bai fi kamu ɗaya daga hancinsa ba, kuma wallahi bai ga wajen ba. Ba kau da kai ya yi ba, na san kau da kan Baba. Idon ne yake zuwa tsakiya ya tsaya, kamar akuyar da igiya ta ƙare mata.

Dakta Atika ta kunna fitilar ɗaki. Ta ce Baba don Allah yi min aswaki yadda ka saba in koya. Ya ji daɗi. Ya zaro shi daga aljihu, ya yi bismilla, ya fara ta dama kamar yadda sunna ta ce, sama, ƙasa, ciki, waje, a tsanake. Ya iso tsakiya. Ya mayar da aswaki aljihu ya ce to kin gani.

Ta ce ta ji shi babban tela ne, ko zai zana mata babbar riga? Ta ba shi takarda. Ya zana wuya, ya zana aljihu har da aikinsa, ya ja hannun dama ya sauko da shi yadda yake zuba. Ya miƙa mata yana murmushi. Riga mai hannu ɗaya, Yaya. Rabin takardar fari. Rigar Alhaji Nagoda ce sak.

Sai ta yi min alama in tsaya a hagunsa in ɗaga hannu. Na ɗaga. Na kaɗa. Na kusa taɓa kunnensa. Ta ce Baba ina Zulkiflu? Ya ce ya fita mana, ai shi ba ya zama inda ake abin arziki. Ta ce in zagayo. Ina zagayowa dama ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, ya ce kai kuma daga ina, ka tsaya min a kai kamar mai bin bashi?

Na zauna a ƙasa a gaban mutane.

Ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta kira ni waje. Ta ce ita likitar haƙori ce, ba fanninta ba ne, amma abin da ta gani ya yi kama da wani irin shanyewar jiki da ba ya taɓa ƙafa ko baki. Jijiya ce ke toshewa a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, sai ɓangaren hagu na duniya ya ɓace wa mutum. Ido lafiya, kunne lafiya, amma saƙon hagu ba ya samun mai karɓa, kuma mutum bai san ya rasa komai ba. Ta tambaya ko ya taɓa ciwon kai mai tsanani kwanan baya. Na ce kitsen rago. Ta ce jininsa ya hau sosai, a kai shi babban asibiti a Shika yau ɗin nan, don wanda ya zo ƙarami yakan dawo babba.

Watannin nan ina haɗa kaya, ina tsara maganganun da zan yaɓa masa ranar tafiya. Ashe ba fushi yake da ni ba. Ba na nan ne. Kekena, bangon, rabin tuwon Inna, ni, duk muna wajen da babu.

Kafin in dawo ɗakin ya fice. Ya ce ba za a mai da shi abin wasan yara ba, ya hau roba-roba ya ba ta wuta. Na bi shi da gudu ina kallon keke-napep da acaɓa suna kauce masa ta hagu suna zagi, shi ko a jikinsa. Sai a lokacin na tuna madubin hagun mashin ɗin a fashe yake, gefen duk a kankare, kullum yana cewa 'yan acaɓa ba su da tarbiyya. A haka yake ratsa Kwangila, tsakanin tireloli, tun Layya.

Ya iso gida lafiya. Ki kira shi, ke yana jin maganarki.

Ƙanenki,
Zulkiflu


Tudun Wada, Zariya
Ranar Litinin

Yaya,

Sallama da gaisuwa, ya jikin naki, ya Sumaiya? Na san kin kira shi, ina wajen. Na ji yana ce miki garau yake, yaran zamani ne da kwamfutarsu suke neman majinyaci ido rufe. Kada ki taso da ɗanyen jego, ba abin da zai ƙara.

Ya ƙi zuwa. Ya ce mai ciwo ya san yana ciwo. Da me zan amsa? Duk abin da na karanta a kwanakin nan, har idona ya yi ja a kan waya, cewa yake wannan ciwon aikinsa ke nan, ya ɓoye wa mai shi kansa.

Na cire fulogin mashin na jefa a rijiya. Ya ce zai kai ɗinki Tudun Jukun, ya yi ta bugawa ta ƙi tashi, na zagayo ta damansa na ce ni ne. Yaya, rabon da in sha zagi irin wannan tun ina satar zare ina yin majajjawa. Ya ce marar kunya, ya ce fitsararre, ya ce Kadunar da ake ta raɗe-raɗi in tafi yau, kada in jira ƙarshen wata. Yanzu kam fushin gaske yake da ni. Kin san abin mamaki? Daɗi na ji. Yana zagina yana kallona.

Inna ba ta yarda ba da farko, ta ce likitan haƙori ina ruwansa da ƙwaƙwalwa. Na ce ta jira ya ture kwano. Ya ci rabi ya ture. Na ce ta juya kwanon. Ta juya, ɓangaren da bai taɓa ba ya koma dama. Ya duba ya ce a'a, Maijidda, yau ƙari aka yi min? Ya cinye tas, har da suɗe hannu, ya ce dama kwanan nan rowa take masa, da yunwa yake tashi. Inna ta shige madafa ta toshe baki da zane. Mutumin nan da yunwa yake kwana, abinci na gabansa.

'Yan majalisar ƙofar shago kowa ya zama likita. Alhaji Nagoda ya ce iska ce, a yi hayaƙi. Wani ya ce hassadar teloli ce. Na ce musu aljanin da ya san tsakiyar haƙori daidai haka sai a ba shi aikin awo. Inna ta ce in rage baki. Chukwuka ne kaɗai ya ce duk ranar da aka shirya shi zai rufe rumfa ya raka mu.

Muntaka ya aiko cewa mai maɗaba'a ba zai jira ya wuce Asabar ba. Ban ba shi amsa ba. Duk tarin da Baba ya yi a ɗaki sai in ce babban ne ya zo.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida maigidan.

Zulkiflu


Tudun Wada, Zariya
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata Bahijja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina fatan an yi arba'in lafiya, Allah ya raya Sumaiya ya sa ta fi kawunta haƙuri. Na san Inna ta ba ki labari a waya guntu-guntu tana kuka. Ga shi cikakke, kuma ki yafe jinkirin, zirga-zirgar Shika ce ta cinye ni.

Dabarar na'urar nan na ara. Na yi ta tunanin abin da ta yi: ta shafa launi, ta bar mutum da wankinsa, ta nuna abin da ya rage. Larabar da ta biyo bayan takardata ta ƙarshe, da azahar, yana zaune a bakin shago ya naɗe hannun riga ya jawo buta, na ɗauki shuɗin allin tela na tsaya a hagunsa. Na ja masa layi daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Na durƙusa na ja wani a bayan ƙafa. Ko motsi bai yi ba. Na fi so a ce ya ji ya kai min duka.

Ya yi alwala ina kallo. Watannin nan da nake fushi ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ya wanke dama sau uku har da tsefe yatsu. Ya shafi kai. Ya wanke ƙafar dama. Ya ɗaga ido sama ya karanta addu'a, ya nemi takalmi.

Na zagayo. Na ce Baba alwalarka ba ta cika ba. Kin san abin da wannan magana take a wajensa, ya fi a zagi mahaifinsa. Kafin ya buɗe baki na kamo hannunsa na hagu na tsallako da shi ta ƙirjinsa zuwa dama, na ajiye a gaban idonsa. Busasshe, ga alli shuɗi kwance ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara cewa shi ne hannun wa ne wannan? Sai ya ga tabon allurar keke a babban yatsa, wanda ya samu tun yana ɗan koyo. Ya shafa tabon. Ya shafa allin, ya duba yatsansa. Na ɗauki hoton ƙafar da waya na nuna masa ta dama. Ya ce tun yaushe? Na ce tun Layya. Ya ce sallolin fa?

Da ƙyar na ce Allah ya san abin da ya ɗora wa bawansa, sauran a tambayi liman. Aka tada iƙama. Sannan ya miƙo min butar ya ce sake min ita daga farko, inda ban kai ba ka kai. Na zuba, na wanke masa hannun har gwiwa, ruwan na sauka shuɗi. Na wanke ƙafar. Chukwuka ya juya baya yana gyara maɓallan da ba su hargitse ba. Da muka fito masallaci Baba ya ce a nemo keke-napep, Shika za mu.

Sun ɗauki hoton kansa, sun ga tabon a dama, inda Dakta Atika ta zata. Sun ce mun zo a kan gaɓa, da jinin nan ya ci gaba a haka ba su san me zai biyo ba. An ɗora shi a kan magani, an hana shi mashin, gishirin Inna ya koma rabi. Ba su ce zai warke duka ba. Sun ce ana koya wa mutum ya riƙa neman ɓangaren da ya ɓata da gangan, kamar mai neman allura a tabarma. An ɗaura masa jan zare a hannun hagu, an manna jan ƙyalle a gefen kekensa, ya riƙa juyawa sai ya gan shi kafin ya ce ya gama.

Na gaya wa matar da ke koya masa a asibiti cewa zan mayar da kekena damansa don ya riƙa ganina. Ta ce kul. Ta ce in zauna inda nake. In duk abin da yake so yana dama, ba zai taɓa waiwayawa ba, dole a bar masa wani abu a hagu da zai sa ya juya. Baba ya ce to ai sai a ajiye masa wani abin kirki. Ta ce wannan ɗin dai.

Aikin Kaduna ya tafi, an ba wani. Muntaka ya ce na yi wauta. Na ba shi amsar da ba zan rubuta a takardar da za ta shiga ɗakin mai jego ba.

Ginika ta sake kiranmu hoto shekaranjiya. Hagun Baba ya sauko ƙasa da rabi, jan ya ja baya zuwa turame. Ya sa aka buga masa a takarda, tsohon da sabon, ya manna a bangon hagu saitin kaina. Nawa kuwa ashirin da tara. Kada ki gaya wa kowa.

Jiya da la'asar na tsaya inda na saba. Liman ya sallame. Baba ya yi dama, ya mayar wa liman, sai ya tsaya. Na ji yana numfashi. Ya fara juyo da wuya a hankali, kamar mai tura ƙofar da ta yi tsatsa. Ya wuce tsakiya. Ya tsaya a kan jan zaren hannunsa. Mutane har sun fara miƙewa, wani yana neman hanya ta gabanmu, ni na ƙame ko ƙiftawa ba na yi. Ya biyo hannun, ya hau kafaɗa, ya iso fuskata. Ya ce assalamu alaikum.

Bakina ya buɗe kawai. Ya leƙa ciki, ya girgiza kai, ya zaro sabon aswaki daga aljihu ya danƙa min.

Ki gaida maigidan da yara. In za ku zo, ki shigo masa ta hagu.

Naki har kullum,
Zulkiflu Kailani